Su Zango Ɗaya Suke Yi, Ku Ne Masu Zango

Ƙarfe uku na dare, tun ladan bai yi gyaran murya ba, Hajiya mai waakye a unguwar Madina da ke ƙasar Gana ta riga ta hura wuta. Tun jiya da yamma aka tsince wake aka jiƙa, aka wanke karan dafin da zai ba shinkafar jan launin nan da aka san ta da shi. 'Yan aikinta kowa da abin da ta riƙe: wannan tana juya baƙin yajin shito a tukunya, waccan tana ɓare ƙwai, ƙaramarsu tana goge ganyen da za a ƙunsa abinci a ciki. A daidai wannan lokaci, tafiyar 'yan mintuna a mota daga nan, a ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Gana da ke Legon, wata 'yar shekara ashirin daga jihar Mishigan ta Amurka tana kwance cikin gidan sauro, zufa ta jiƙa mata matashi, barci ya ƙi zuwa. Nan da awa huɗu za su haɗu a gaban tebur. Ɗaya ta ƙetare teku don neman ilimi, ɗaya kuwa ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba. In aka ce in nuna malama a cikinsu da safiyar nan, ba sai na yi dogon tunani ba.

Da ku nake, 'yan'uwa. Ke Hajiya mai waakye, ke Inna mai koko da ƙosai, kai Baba mai gadi da kake kwana a kan benci da tocila a hannu, kai direban trotro da yaron motarka, ke 'yar'uwa mai ɗaukar kaya a kasuwa, kai tela, kai mai shara, ke mai wanki, ke ma'aikaciyar jinya da kike tsaye tun jiya. Na san yadda gajiya take sa mutum ya raina kansa. Yini ya ƙare, ƙafa ta kumbura, ribar ba ta taka kara ta karya ba, sai zuciya ta fara raya maka cewa kai ba kowa ba ne, duniya ta masu takarda ce. To ku ba ni aron kunnuwanku, in nuna muku kanku a madubin da ba ku saba dubawa ba, wato idon baƙon da ya zo daga nesa ya zauna a cikinku wata huɗu.

Mu fara da kalmar da muka fi kowa iko da ita. Bahaushe yana kiran kashi ɗaya na shekarar makaranta zangon karatu. Asalin zango kuwa wurin da ayari yake sauke kaya ne ya huta. Kakanninmu fatake sukan taso daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, har su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron da ya fito daga dazukan Asante su juya. Duk inda dare ya yi musu sai su yada zango. Wasu suka yada ba su tashi ba, shi ya sa har yau unguwannin baƙi a garuruwan Gana ake ce musu Zongo. Kowane falke ya san cewa ayari ba ya isa inda za shi da ƙarfin madugu kaɗai. Sai da mai dafa tuwo a zango, da mai ɗebo ruwa, da mai ba jakuna ciyawa, da ɗan gari mai faɗin inda kogi ya cika da inda 'yan fashi suka tare. Yau ayarin ya sake kama, jirgin sama ya maye gurbin jaki, littafi ya maye gurbin kanwa, amma dokar zango tana nan yadda take.

Su wane ne waɗannan sababbin fatake? A Amurka akwai jami'o'i masu zaman kansu da majami'u suka kafa, inda ake haɗa karatun zamani da tarbiyyar addinin Kirista. Da yawansu suna da al'adar tura ɗalibi wata ƙasa ya yi zango ɗaya, a lissafa masa sakamakon cikin digirinsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce Calvin, wadda aka kafa a 1876 a birnin Grand Rapids na jihar Mishigan, ta kuma shafe shekaru tana kawo ɗalibanta Legon tare da malaminsu. Garinsu gari ne na dusar ƙanƙara, inda hunturu kan daskarar da ruwa a waje. Kafin su taso sai an yi musu allurar shawara, domin ba a shiga Gana sai da katinta, an kuma haɗa su da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Iyayensu da 'yan cocinsu sukan yi musu addu'a su sallame su kamar masu tafiya bakin duniya.

Kada ganin farar fata ya sa ku ɗauka duk 'ya'yan masu kuɗi ne. Karatun jami'a a Amurka tsada gare shi, ɗalibai da yawa da bashi suke yinsa, bashin da za su yi shekaru suna biya. Akwai wanda wanke-wanke yake yi a ɗakin cin abincin makaranta, akwai mai yankan ciyawa a lokacin hutu, akwai mai renon 'ya'yan mutane, duk don a tara kuɗin wannan tafiya. Ku tsaya ku yi lissafi. Mutum ya yi gumi ya tara kuɗi, ya ci bashi, ya bar uwa da uba, ya zo ya ga me? Manyan gine-gine da ɗakunan littattafai yana da su a gida. Ku ya zo gani, yadda kuke rayuwa, yadda kuke aiki, yadda kuke bauta wa Allah. Abin da kake yi kullum har ka daina ganinsa, shi wani ya biya kuɗin jirgi don ya koya.

Makon farko kuwa abin tausayi ne da ban dariya. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ga saurayi ƙato, ya karanta falsafa da tarihi, amma an ba shi bokiti da sabulu ya tsaya yana kallon wandonsa, domin tun da aka haife shi inji ne yake masa wanki. Mai sharar ɗakunan ce za ta ajiye tsintsiya ta nuna masa yadda ake cuɗa wuyan riga, yadda ake matsewa, da dalilin da ya sa ake kwashe shanya kafin hadari. Ranar da famfo ya ƙafe, ita za ta koya masa wanka da rabin bokiti har ruwa ya ragu. Ranar da aka ɗauke wuta, abin da mutanen Gana suka raɗa wa suna dumso, Baba mai gadi ne zai haska masa hanya, ya zaunar da shi a benci, su yi hirar da ba za a taɓa yinta ba da fanka tana juyawa. Ko ruwan leda sai an nuna masa yadda ake ɓula kusurwa da haƙori.

Sai darasin trotro. Babu taswira, babu jadawalin lokaci, babu allon da ya rubuta kuɗin mota. Akwai dai yaron mota da ya leƙo da rabin jikinsa ta taga, yana kiran Madina, yana kiran Akra, yana juya yatsa a iska don masu zuwa shataletalen Nkrumah. Kai yaron mota, ka taɓa tsayawa ka dubi abin da kanka yake yi? Fasinja kusan ashirin, kowa da inda ya hau da inda zai sauka, kowa da kuɗin da ya miƙo, takardun sidi a naɗe tsakanin yatsunka, kana riƙe da canjin kowa a ka, kana buɗe ƙofa, kana ƙwanƙwasa jikin mota direba ya tsaya, kuma ba ka manta baƙuwar da ta ce a sauke ta a ƙofar jami'a ba. Ɗalibar lissafi tana zaune a baya baki buɗe. Ranar da ta iya ɗaga hannu ta tsayar da motar da ta dace, ta sauka inda ta nufa ba tare da an raka ta ba, murnar da za ta yi ta fi ta cin jarrabawa, kuma kai ne ka yaye ta.

A bakin tebur kuwa, ba su sani ba Hausa suke koya. Waakye daga wake ne. Koko da ƙosai, da tuwon zafi da ake sayarwa daga Bolgatanga har bakin teku, da fura, duk sunayenmu ne suka bi ayari suka zama abincin ƙasa baki ɗaya. Har sunan da ake kiran mata masu dako a kasuwannin Makola da Madina, kayaye, rabinsa kaya ne na Hausa, rabinsa kalmar mata ce a harshen Ga. A nan Hajiya take buɗe aji. Yarinya ta zo a gaggauce ta nuna abinci da yatsa, sai Hajiya ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce, “'Yata, ina kwana? Kin tashi lafiya?” Gobe ba za ta sake mantawa da gaisuwa ba. Ta miƙo kuɗi da hagu, sai a yi murmushi a nuna mata dama. Ta ce yaji ya yi yawa, a rage mata yau, a ƙara kaɗan jibi, kafin wata biyu ita ce mai cewa a ƙaro shito. Ranar da ba ta zo ba, washegari Hajiya za ta tambaya ko lafiya. Yarinyar da ta taso inda mai sayarwa da mai saye ba su san sunan juna ba za ta koma ɗaki ta rubuta wannan a littafinta kamar wani abin al'ajabi.

Ba ina rage darajar aji ba ne. Jami'ar Gana, wadda aka kafa a 1948, tana da manyan malamai, kuma ɗaliban nan suna zama a gabansu su koyi harshen Twi da tarihi da siyasa da addinan Afirka. Amma ku lura da wani abu. Cibiyar Nazarin Afirka da Kwame Nkrumah ya buɗe a jami'ar a 1963 an gina ta ne a kan cewa abin da makaɗi da masaƙi da maroƙi da tsohuwa mai tatsuniya suka sani ilimi ne da ya cancanci jami'a. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya fito daga lacca ya tuɓe takalmi ya zauna gaban makaɗi, yana dukan ganga hannunsa na karkarwa, ana gyara masa. Littafi yakan ba shi labari, ku kuke nuna masa, gani kuwa ya kori ji.

In kuna son shaida daga tarihin Kiristancin Gana kansa, ku hau tsaunukan Akuapem, arewa da Akra, zuwa garin Akropong. 'Yan mishan na Basel daga ƙasar Suwizalan sun iso gaɓar tekun nan a 1828, zazzaɓi ya yi ta kashe su, har Andreas Riis ya hau tudu ya zauna a Akropong a 1835. Aikin bai kama ƙasa sosai ba sai da aka kawo baƙaƙen fata Kiristoci daga Jamaika a 1843, manoma da masu sana'ar hannu, jikokin bayi. Daga baya Johann Christaller ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Twi, aka buga a 1871, tare da 'yan ƙasa irin su David Asante da Theophilus Opoku. A 1879 ya fitar da tarin karin magana 3,600 na Twi. Daga ina ya samo su? Daga bakin mutane, a gona da kasuwa da fada. A garin nan ne Kwame Bediako, masanin tauhidin Kirista da ya rasu a 2008, ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller, yana koyar da cewa harshen uwa da rayuwar talaka wurin sanin Allah ne. Duk ɗalibin da ya je can zai tarar an riga shi gano abin da yake ganowa a gaban teburin Hajiya.

Tafiya kaɗan daga Akropong akwai Mampong, inda gonar Tetteh Quarshie take. Maƙeri ne, ɗan ƙabilar Ga, ya koyi ƙira a hannun 'yan mishan na Basel. Ya tafi ci-rani tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, ya dawo da irin kokon da ake cakulan da shi, ya shuka a 1879. Manoma suka saya suka dasa, gona bayan gona, ba tare da wani gwamna ya tilasta musu ba, zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko. Har yau Gana tana sahun gaba, bayan maƙwabciyarta Kodebuwa. Hanyoyi da makarantu da asibitoci nawa aka gina da kuɗin wannan itace? Cakulan ɗin da ɗalibar Mishigan ta taso tana ci, wataƙila daga jikokin itacen maƙerin nan ya fito. Kai mai walda a bakin titi, kai bakanike da mai ya baƙanta maka farce, ɗan'uwanku ne ya juya arzikin ƙasa guda, da hannu irin naku.

Addinin da ya turo ɗaliban nan ma bai ba su damar raina ku ba. Yesu Almasihu, Annabi Isa a bakin Musulmi, a gidan kafinta ya tashi bisa ga Linjila, almajiransa na farko masunta ne, Manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti yake ci da kansa yana wa'azi. John Calvin na birnin Janiba, wanda makarantarsu ta ci sunansa, ya koyar da cewa kowace sana'a ta halal kira ce daga Allah, ba aikin limamin coci kaɗai ba. Musulmin cikinku kuma kun san Annabi Dawuda da ƙira, kun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwo ya yi fatauci. A aji sun ji wannan koyarwa. Amma sai ranar da zazzaɓi ya kayar da ɗayansu, yana rawar sanyi a ƙasar da ba uwa ba uba, ma'aikaciyar jinya ta kwana tana duba ƙarin ruwansa, mai shara ta kawo masa koko mai citta da kanumfari a kofi, sannan yake gane ma'anarta. Ranar Lahadi ma haka. Ya saba da sujadar awa ɗaya cikin natsuwa, sai ya tarar da ta awa uku, da ganga da rawa, matar da ya gani jiya da tire a ka yau ta sha ado tana rawa zuwa gaban akwatin baiko da abin da ta samu a makon.

Akwai ranar da dariya take ɗaukewa. Ana ɗibar su a mota zuwa gaɓar yamma, su ga ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ta Cape Coast. Mai yi musu jagora, shi ma ma'aikaci ne da yake maimaita wannan labari sau da yawa a yini, zai shigar da su kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka tara maza ɗaruruwa cikin duhu da ƙazanta suna jiran jirgi. Sannan ya nuna musu sama. A Cape Coast, ɗakin sujada a bisa kurkukun maza yake. Mutane suna waƙar yabon Allah, ƙarƙashin ƙafafunsu 'yan Adam suna nishi cikin mari. Daga nan sai ƙofar da in an fita ba a dawowa. Ɗalibin Kirista yakan fito daga wurin nan jikinsa a sanyaye, domin ya ga inda ibada take kai mutum in ta rufe ido daga wanda ake ci da guminsa.

Mu ma kada mu yi saurin nuna yatsa. Kasuwar Salaga da kakanninmu suka yi ta zuwa ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane, kuma akwai hannun namu a cinikin. Na kawo wannan ne don ku san nauyin abin da kuke riƙe da shi. An yi zamanin da ƙarfin mutum ba nasa ba ne, ya yi noma wani ya girbe, ya haifa wani ya sayar. Kai kuwa yau, komai ƙanƙantar abin da ka samu, guminka naka ne. Ka fita da ƙafarka, ka yi ciniki da bakinka, ka koma gida ka ciyar da iyalinka. Wannan 'yanci da jini da hawaye aka same shi, bai kamata a sayar da shi da arha ba.

Saboda haka ku tsaya a kan haƙƙinku. Ƙarfafa gwiwa ba lallashi ba ne na a ci gaba da haƙuri da zalunci. Wanda ya yi aiki a biya shi cikakke kuma a kan lokaci. Mai gadi yana da haƙƙin hutu, mai ɗaukar kaya tana da haƙƙin a yi ciniki da ita kafin ta ɗora tire a ka, ba a jefa mata abin da aka ga dama ba bayan ta sauke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar a 1945, kuma yajin aikin gama-gari na watan Janairun 1950, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa na Sekondi da Takoradi suka yi fice a cikinsa, yana cikin abin da ya girgiza mulkin Ingila. Matan kasuwa sun zuba kuɗi da ƙarfi a gwagwarmayar neman 'yanci. Daren da aka shelanta 'yanci, 6 ga Maris 1957, Nkrumah da abokansa rigar saƙi ta arewa suka sa, aikin hannun masaƙa. Ku shiga ƙungiyoyin sana'arku, ku biya kuɗin ƙungiya, ku tambayi shugabanninku lissafi, ku riƙe adashinku, wanda a nan ake ce wa susu, da amana.

Wani darasin da baƙin nan suke tafiya da shi, ku ne kuka rubuta shi ba da alƙalami ba. Da yawansu sun taso ba su taɓa zama da Musulmi ba, abin da suka sani sai na talabijin. Sai ga shi wadda take ciyar da su kullum Hajiya ce, wanda yake tsaron ƙofarsu yana shimfiɗa buzu da asuba, telan da ya ɗinka musu riga a unguwar Nima ya rufe shago ya tafi Juma'a ya dawo ya cika alkawari. A watan Afrilun 2019 Babban Limamin Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya je cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ya zauna da maƙwabtansa, hoton ya zaga duniya. Abin da ya yi a rana ɗaya a gaban kyamara, ku kuna yinsa kowace safiya ba mai ɗaukar hoto. Kirista da Musulmi a layin koko ɗaya, a trotro ɗaya, a susu ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, dukiya ce da ƙasashe masu man fetur suke nema ba su samu ba.

Malami kuwa yana da mutuncin da yake karewa. Kada ganin baƙo ya sa ka ninka kuɗi sau uku, domin ribar yini ɗaya ce za ta jawo wa sana'arka da unguwarka baƙin suna har ƙetaren teku. Kada ka ƙasƙantar da kanka da roƙo a gaban yaron da bai kai ɗanka ba. Ka sayar masa a kan gaskiya, ka dube shi ido da ido, in ya yi kuskure ka gyara masa kamar yadda za ka gyara wa naka. In ya ɗaga waya zai ɗauki hotonki kina aiki bai nemi izini ba, 'yar'uwa, ki gaya masa ba a haka, wannan ma karatu ne. Sannan ku ma ku ci ribar zaman. Ku dubi yadda ba sa jin kunyar tambaya, yadda suke lalata Twi da Hausa a bainar jama'a ana musu dariya su sake gwadawa, yadda suke rubuta duk abin da suka ji. Matambayi ba ya ɓata. Kai da ka shekara goma kana cewa girma ya hana ka koyon karatu, ko lissafin ciniki a waya, ko sabon injin da ya shigo sana'arka, ga yarinya ta ƙetare teku ta yarda ta zama jahila wata huɗu don ta ƙaru. Me ya rage maka?

Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, ya biyo hanyar fatake ne, ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman da ƙasar nan ta gani. Tun asali fatauci da karatu tare suka yada zango a nan. To don me ƙofar Legon za ta zama wurin da muke tsayawa a waje da tire kawai? Tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati. Jami'ar tana da reshe a cikin Akra wanda asalinsa kwalejin ma'aikata ne, don masu aiki da rana. Hajiya, yarinyar nan da take goge miki ganye da asuba, wadda take ba da canji ba ta taɓa kuskure ba, kanta ba ya ƙasa da na baƙuwar da kike zuba wa abinci. Ki bar ta ta gama makaranta. Baba, kuɗin gadin nan da kake ganin ba su da auki, da yayyafi kogi kan cika.

Wata huɗu kamar yau ne. Za ku ga sun fara sayen tsaraba, atamfa da kente da man kaɗe, tela yana kwana a kan keke don ya gama musu ɗinki. Yarinyar za ta zo teburin Hajiya karo na ƙarshe, ta gaida ta da Hausar da ta tsinta, ta miƙa kuɗi da dama, idonta ya cika da ƙwalla. A takardar sakamakonta za a rubuta sunayen darussa da na furofesoshi, ba za a sa naku ba. Amma in ta zama likita ko malama ko fasto a can garinsu mai ƙanƙara, ta tsaya ta gaida mai goge dakalin asibiti ta tambayi lafiyar iyalinsa, ku ne kuka koya mata. Ayari zai tashi, wani zai sauka. Gobe ƙarfe uku na dare, Hajiya, in kin sunkuya za ki hura wuta, ki tuna aji za ki buɗe, kuma ki tashi 'yarki da wuri, kada ta makara a nata.